Kanwar Sallama a Gonar Kawu Nomau

Da kakar nan da muke ciki, Kawu Nomau ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Ƙanen mahaifiyata ne, manomi a wata 'yar tunga da ke gefen Kurawa a ƙasar Sabon Birni, kuma ba na jin akwai mai karanta wannan shafi da ya taɓa jin sunansa. Bai riƙe sarauta ba, bai yi limanci ba, Sakkwato ma ciwon ido ne ya taɓa kai shi, ya dawo yana cewa garin ya cika surutu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kansa shi ne rediyo. Kusan kowace safiya sai na ji mai labarai ya ce an fatattaki 'yan bindiga daga daji kaza, ya faɗe ta da ƙarfi kamar shi ya yi aikin. Ni kuwa sai in ji muryar Kawu a kunnena, da tambayar nan da ya yi ta yi wa mutane har ya koma ga Allah: zuwa ina?

Gajere ne, kakkaura, da tsagar Gobir har kunne, ga murya kamar yana kiran wani daga tsallaken gulbi ko da kana zaune kusa da shi. Ba za ni ce mai haƙuri ba ne, don waɗanda suka san shi suna raye, dariya za su yi mini. Yana da saurin fushi, yana da baƙar magana, in kuma ya kafe a kan abu sai dai a bar masa. Amma akwai aikin da duk tungar ta yarda nasa ne. In tsuntsu ya sauka a hatsi, ko shanu suka faɗa gonar wani, ba a cewa a kira mai gari, Nomau ake kira.

Mu Hausawa muna da kalmomi da dama na raba abu da wurin da ba a son shi. A kora, a kaɗa, a raraka, a fafara, a fatattaka, a tasa ƙeya, a sallama. A firamaren da na koyar har na yi ritaya mukan jera su a allo, mu ce wa yara ma'anarsu kusa da juna take, kuma don cin jarrabawa hakan ya isa. Kawu bai taɓa zama ya bambanta su da baki ba. A wurinsa kowace ɗaya aiki ce dabam, da lokacinta da yadda ake yin ta. Karen da ya saba cin ƙwai raraka tasa ake yi da dutse har ya bar unguwa. Ɓarawon akuya in an kama shi ƙeyarsa ake tasawa, yana gaba ana biye, har ƙofar mai gari. Kaji a kan shanya kora ce kurum, ko da gefen zani. Shanu kuwa kaɗa su ake yi, baƙo kuma sallamarsa ake yi. Fatattaka ce kaɗai bai yarda da ita ba, yakan ce aikin wanda ya firgita ne.

Akwai wata shekara da jan-baki ya yi yawa, tsuntsun nan mai zuwa garke guda ya sauka a gero lokacin da ya fara nuna. Wani maƙwabcin gonar Kawu ya tara gwangwanaye, ya ɗaura su a igiya, ya haɗa da ganga da majajjawa, ya yi ta ihu tun safe har ya tashi tsuntsayen kaf daga gonarsa. Da yamma ya zo bakin masallaci yana ba da labari, ana yi masa sannu. Kawu ya bari ya gama, sannan ya ce, “Sannu da aiki, jarumi. Ka kore su ga gonarka, ka aiko mani su ga tawa. Gobe ni ma in tura ma na gabana, shi kuma ya maido maka. Haka za mu yi ta yi masu hidima har su ƙoshi?” Aka yi dariya, mutumin ya ji haushi, suka yi 'yar cacar baki. Amma washegari Kawu ya jera duk masu gona a gefe guda, ya hana kowa buga komai sai ya ɗaga hannu, aka riƙa tura tsuntsayen sannu a hankali ta fuska ɗaya, zuwa fadamar da ciyawa ta yi 'ya'ya kuma ba gonar kowa. Ba a rabu da su gaba ɗaya ba, an dai sami na sawa a rumbu.

Haka yake yi da shanu. Manomin da ya iske garke cikin hatsinsa, abin da zuciya ke gaya masa shi ne ya ɗauki sanda ya yi kansu da ihu. To saniya in ta firgita ba ta san hanya ba, kowace sai ta yi nata gefen, abin da suka tattake ya ninka abin da suka ci. Kawu sai ya tsaya tukuna ya duba ina burtali yake, wato hanyar shanu, ya tabbatar ba wanda ya tare ta. Sannan ya gano uwar garken, ya zagaya bayanta ba gudu ba sanda a sama, yana 'yar fito ƙasa-ƙasa, har ta juya kanta wajen mafita, sauran su bi ta. Sai an fita sannan a zauna maganar ɓarna, kuma a nan ne muryar nan tasa take tashi, don ba ya yafe ko zangarniya ɗaya. Da yawa daga makiyayan yankin ba sa ƙaunar ganinsa wurin shari'a, amma sun fi so a ce shi ya fitar musu da dabbobi.

Cikinsu akwai Yero, Bafulatani dogo, marar yawan magana, wanda tun kafin a haife ni yake sauka a gonar Kawu kowane rani. Al'adar ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Bayan girbi makiyayi ya kafa bukkokinsa a gonar manomi, shanu su ci kara da harawa, su bar taki, mata su riƙa musayar nono da gero. Su biyun ba su iya gaisawa ba tsiya. Yero ya ce masa Kaɗo mai kwana da fartanya, Kawu ya ce masa mai bin wutsiyar saniya har lahira. Na taɓa jin sun shafe yini suna gardama a kan wanda ke cin arzikin wani, tsakanin mai kara da mai taki, suka tashi ba wanda ya yarda.

Wurin tashi ne ake samun matsala a gonaki da yawa. Damina ta matso, manomi yana son ya share gona ya jira ruwan shuka, makiyayi kuma yana jan ƙafa don ciyawa ba ta fito ba a inda zai nufa. A nan ake jin “ku tashi mana daga gona”, a nan ake ɓatawa. Kawu bai taɓa furta wannan ba. In ya ga lokaci ya yi, sai ya sayi kanwa rabin buhu, irin wadda ake ba shanu, ya ɗora a jaki ya kai rugar da kansa. Ya ajiye a gaban bukkar Yero ya ce, “Yero, na ji iska ta juya.” Yero ya ce, “Mu ma mun gani ga shanu.” Shi ke nan, ba a ƙara komai. Kafin mako ya zagayo sun kwashe bukkoki, ranar tafiya kuma Kawu da matarsa Inna Kulu su raka su har bakin burtali, a yi addu'a, a ce sai kaka. Na taɓa tambayarsa dalilin wannan wahala, tunda gonarsa ce. Ya dube ni kamar na tambayi dalilin shan ruwa, ya ce wanda ka kora ba ya dawowa, shi kuwa yana son takin baɗi.

Ciwon da ya tafi da shi bai daɗe ba. Ya rasu ana cikin yankan gero, a lokacin da mutum ke iya tashi daga Kurawa ya bi ta Gatawa har Isa da yamma bai tuna da komai ba sai ramin hanya. Nakan ce Allah ya yi masa sutura da ya ɗauke shi a sannan. Yero ya zo gaisuwa da ƙwaryar nono, ya zauna a gefen tabarma, da zai tashi ya ce wa Inna Kulu, “To, Kaɗon ya riga ni.” Da aka gama girbi ya kawo shanunsa kamar kullum. Da damina ta matso Inna Kulu ta sa ɗanta Ada, babban ɗan Kawu, ya ɗora kanwa a jaki, ta bi shi a baya ta faɗi maganar iska da bakinta. Haka aka ci gaba wasu shekaru.

Abin da ya biyo baya ba sai na ba masu karatu labarinsa ba, kun ji shi fiye da yadda kuke so. Aka fara da satar shanu, aka koma ɗaukar mutane. Kalmar tasa ƙeya, da muka sani a kan ɓarawon akuya, ta koma kan limamai da matan aure da manoma, a tasa su gaba zuwa daji. A tungarmu aka kwashe shanun huɗa, har da na Ada, aka ɗauki mutum biyu a hanyar kasuwa, ɗaya bai dawo ba. Aka kuma kore wa Yero mafi yawan garkensa a daji, ya zo ranin shekarar da 'yan shanun da ba su kai a kira su garke ba, da ɗansa Manu da matansu da jikoki. Amma wanda aka ɗauke wa ɗan'uwa ba ya tsayawa ƙirga asarar wani. Magana ta fara yawo cewa masu bindiga ba sa sanin gidan da ke da dabba sai an gaya musu, kuma kowa ya san wajen da ake kallo in an faɗi haka.

Ina Sabon Birni aka aiko mini cewa za a yi taron gari, na hau babur na tafi. An zauna ƙarƙashin tsamiyar masallaci bayan la'asar. Ba za ni zagi kowa a nan ba. Tsoron da ke fuskar mutane na gaskiya ne, kuma wasu da suka fi ɗaga murya su ne suka binne nasu. An yanke cewa duk rugar da ke ƙasar tungar ta tashi, kuma samari za su fita da safe da sanduna su tabbatar. Wani ya ce a sa wa bukkokin wuta don kada a dawo. Na ce Yero ya fi wasunmu daɗewa a wurin nan, aka ce mini malam, kai a birni kake kwana. Gaskiya ce, a birni nake kwana. Abin da ba wanda ya ambata shi ne hanya. Gari yana yamma da gonar Kawu, samarin daga nan za su fito, wanda aka taso da sanda kuwa gabansa yake bi. Gabas kuma dajin ne, inda masu bindigar suke. Tsoho da mata da yara da 'yan shanun da suka rage, can za su faɗa.

Muka shiga gida da Ada, ya gaya wa mahaifiyarsa yadda aka yi. Tana zaune tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Ta ce, “Zuwa ina?”

Ada ya ce, “Duk inda sunka ga dama, Inna. Mu dai su bar muna ƙasa.”

“Ubanka ko akuya bai taɓa tasowa ba sai ya san inda za ta.”

“Baba bai ga wanga zamani ba.”

“Bai gani ba,” in ji ta. “Gari ya yanke magana, ni ba ni da bakin tashe ta. Su tafi. Amma gonar mijina ce, kuma ba a taɓa korar kowa ga gonar nan ba.” Sai ta juyo wajena ta ce akwai sauran kanwa a bayan rumbu, in ɗaura ta a babur.

Tsakiyar rani ne, damina da sauran watanni. Na goya ta a baya, kanwar a gabana, muka isa rugar rana ta yi sanyi. Yero yana zaune yana tufkar igiya. Da ya ga abin da na sauke, sai ya ajiye igiyar. Ya dubi kanwar, ya ɗaga kai ya dubi sama, wadda ko ɗigon gajimare babu, ya daɗe yana kallonta. Inna Kulu ta ce, “Yero, na ji iska ta juya.” Ya ce, “Mu ma mun gani ga shanu.” Sannan ya tambaya ko akwai mako, ta ce babu, sai safiya. Ta tambaye shi inda yake da mutane. Ya ce yana da surukai a tsallaken iyaka, cikin Nijar. Ta ce to arewa za a yi, kuma ita za ta raka.

Da safe samarin suka iso, Ada yana cikinsu, da sanduna da gora, wani har da galan ɗin fetur. Suka iske an riga an kwance bukkoki an ɗaure a kan shanu, ba abin da za a ƙona. Suka iske Inna Kulu tsaye tsakiyar dabbobin, da mayafinta da carbi, jikar Yero tana riƙe da hannunta. Ba ta yi musu faɗa ba, ba ta ma ɗaga murya ba. Ta gaishe su ɗaya-ɗaya da sunayensu, tana tambayar iyayensu mata, kamar sun haɗu a gidan suna. Sai ta miƙa wa Ada igiyar wani ɗan maraƙi ta ce, “Riƙe man wanga, ƙafarsa ba ta da ƙarfi.” Ya tsaya da sanda a hannu ɗaya yana duban abokansa. Ta ci gaba da miƙa masa igiyar, ba ta sauke hannu ba, har ya karɓa. Daga nan ta juya arewa ta fara tafiya, Manu ya kaɗa shanun suka bi ta.

Na sha ganin Kawu yana fitar da garke daga hatsi, amma ban taɓa ganin an yi wa mutane haka ba sai ranar. Ba wanda zai kai duka ga tsohuwa cikin shanu, ba kuma wanda zai koma gari ya ce bai ga tafiyarsu ba, don haka samarin suka biyo mu a baya da sandunansu. Duk wanda ya hango mu daga nesa cewa zai yi rakiya ce ta girma, masu tsaro a baya. Al'ada ta ce a tsaya bakin burtali, ita ba ta tsaya ba. Muka wuce gonaki, muka wuce fadamar da aka taɓa tura jan-baki, har mashigin da ake haurawa a kama hanyar iyaka. Ƙafarta ta kumbura, na ce ta hau babur, ta ce mai rakiya ba ya hawa alhali baƙo yana ƙasa. A mashigin aka tsaya, Yero ya yi addu'a, wasu daga samarin ma suka ɗaga hannu don sun rasa yadda za su yi. Inna Kulu ta ce, “Sai kaka.” Yero ya ce, “In Allah ya kai mu.” Ada ya miƙa wa Manu igiyar maraƙin.

Sauran rugagen da ke ƙasar tungar ba su sami mai kai musu kanwa ba. An tashe su a ranar, an ƙona wasu, kuma gabas suka yi. Inda suka ƙare ban sani ba. Ana faɗin abubuwa game da wasu 'ya'yansu, amma ban gani da idona ba, ba za ni rubuta ba. Abin da na sani shi ne tashinsu bai kawo sauƙi ba. Damina biyu bayan haka aka tashi tungar kanta. Wannan ita ce fatattaka ta ainihi, irin wadda Kawu ya ƙi, kowa ya yi nasa gefen da abin da hannunsa ya kai. Wasu suna Gatawa, wasu Tozai wurin dangi, wasu sun haura Nijar. Ada yana Isa yana dako a tasha. Inna Kulu tana gidana a Sabon Birni, a ɗakin da na gina don baƙi, kuma har yau ba ta yarda a kwance ƙullin kayanta gaba ɗaya ba. Gonar ta koma saura, ba mai noma ta. Kabarin Kawu yana can, mun daɗe ba mu ziyarce shi ba.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da yana raye. Ba na son in ɗora masa hikimar da ba tasa ba, kamar yadda muke yi wa mamata. Mai bindiga ba jan-baki ba ne, ba a tura shi fadama da gwangwani, kuma mai yiwuwa da Kawu ya ga gawar maƙwabci da shi ma ya ɗauki sanda, don na faɗa muku ba mai sanyin zuciya ba ne. Amma na tabbata da ya ji an ce an fatattaki 'yan bindiga daga dajin wata jiha, da ya ajiye rediyon ya ce to ku shirya, an aiko muna su. Da ya ji wata ƙaramar hukuma tana murna ta kore su, da ya tambayi sunan ta kusa da ita. Wanda ya kora bai san inda ya kora ba, a wurin Kawu bai gama aiki ba, ya dai miƙa wa maƙwabci. Mu mutanen Sabon Birni da Isa mun san wannan a jikinmu, don mun daɗe muna zama gonar maƙwabcin.

Makonni kaɗan da suka wuce, ranar kasuwa, aka yi sallama a ƙofar gidana. Na fito na ga dogon mutum da malfa da sanda a kafaɗa, sai da ya yi magana na gane Manu ne. Ya yi ta tambaya a kasuwa har aka nuna masa gidan. Ya zo da man shanu a 'yar ƙwarya. Na kai shi zaure, Inna Kulu ta fito ta zauna bakin ƙofa. Bayan gaisuwa ya ce Yero ya rasu da daminar da ta wuce, a can wurin surukansa, a kan shimfiɗarsa, jikokinsa suna kewaye da shi. Muka yi masa addu'a. Inna Kulu ta goge ido da gefen mayafi ta ce, “To, ya bi Kaɗon nasa, su je can su ci gaba da gardama.”

Sai Manu ya gyara zama ya ce da magana ya zo. Shanu sun ɗan ƙaru, kaka ta yi, yana neman izinin sauka a gonar. Na ce masa Manu, ba ka ji ba ne? Ba kowa a tungar, ba a yi shuka ba, ko kara ɗaya babu. Ya ce ya sani, ya biyo ta can, ya ga rufin ɗakuna ya faɗa, ciyawa ta kai ƙugu a gonar, kuma ciyawar ma ta ishe su. Na ce to wa zai hana ka, tunda ba mai gani? Ya ce, “Baba ya ce a zo a tambaya. Ya ce mu sallama anka yi muna, ba kora ba, kuma an ce sai kaka.” Na ce wurin fa ba lafiya. Ya ce ya auna, akwai hatsari, amma ko can inda suke ba a kwance ake ba. Inna Kulu ta ce ya sauka, Allah ya tsare, ya kuma duba mata ko tsamiyar masallaci tana nan.

Bayan tafiyarsa na daɗe zaune a zauren. Su da aka raka har mashigi sun dawo suna neman izini, mu masu gonar ba mu san ranar komawa ba. Abin ya yi mini ciwo, ba za ni ɓoye ba. Ina cikin haka Inna Kulu ta leƙo ta ce in kasuwa ba ta watse ba in koma in sayo kanwa rabin buhu. Na ce Inna, damina da saura, kuma wa zai kai? Hanyar nan ko masu mota ba sa bin ta sai dole. Ta ce, “Mun sauki baƙi ga gona. In ruwa ya matso sai a bar su su tashi ba sallama, awa gonar ba ta da masu ita? Kai dai sayo.” Na sayo.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Rumbunan Kawu sun rushe, jakinsa ya daɗe da mutuwa, hotonsa ma ba mu da shi sai na katin zaɓe da ya dushe. Abin da ya rage nasa tambaya ce guda da ta hana ni jin labarai cikin kwanciyar hankali, da rabin buhun kanwa da ke jingine bayan ƙofar zaurena. Ban sani ba ko hanya za ta buɗe kafin iska ta juya, ban kuma sani ba ko ƙafar Inna Kulu za ta iya. Na dai buga wa Ada waya na gaya masa duk yadda aka yi. Ya saurara har na gama, ina jin hayaniyar tasha a bayansa. Sannan ya ce, “In lokaci ya yi ku kira ni. Ni za ni ɗauka.”

Allah ya jiƙan Kawu Nomau, ya jiƙan Yero, ya mayar da kowa gonarsa.